FL Studio, Ableton Live ko Logic Pro: wacce ta fi dacewa da mai son yin rimiks?

Mai haɗa kiɗa daga tushe da mai yin rimiks ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da manhaja ɗaya suka buɗe. Na farko shi ke yanke saurin bugu, shi ke zaɓar ki, wato matakin amon da waƙar za ta zauna a kai, duk abin da ya ga dama ya sa. Na biyu kuwa kamar tela ne da aka kawo wa ɗinkakkiyar riga a ce ya gyara ta ta zauna a jikin wani: yadin an riga an yanka shi. Akwai muryar da mawaƙi ya rera a kan wani sauri, a wani ki, da numfashinsa da jan muryarsa, kuma aikinka shi ne ka zaunar da wannan murya a kan sabon kiɗan rawa ba tare da mai sauraro ya ji cewa tilasta mata aka yi ba. Shi ya sa idan rimiks ne a gabanka, yawan kayan kiɗan da manhaja ta zo da su ba shi ne ma'auni na farko ba. Ma'aunin farko shi ne yadda take sarrafa sautin da aka riga aka naɗa.

Ga matsalar a lissafe. A ce waƙar da ka ɗauko tana tafiya a bugu 100 cikin minti ɗaya, kai kuma kana son mayar da ita salon kiɗan rawa na house, wanda yawanci ke zama tsakanin 120 da 128. Ka tsaya a 124. Muryar za ta ƙara sauri da kashi 24 cikin 100 ke nan. Idan hanzarta ta kawai ka yi, kamar yadda ake ƙara wa faifai gudu, za ta tashi sama da kusan maɓalli huɗu na fiyano, babban mutum ya koma magana kamar ƙaramin yaro. Don haka kana buƙatar manhajar da za ta taƙaita lokaci ta bar amon muryar inda yake. Kowace daga cikin ukun tana yin wannan. Inda suka rabu shi ne hanyar da kake bi, da yawan wahalar da za ka sha idan waƙar ba a kan tsayayyen bugu aka naɗe ta ba, kamar tsofaffin waƙoƙin da makaɗa suka buga da hannu, inda gudun yake ɗan ƙaruwa a amshi ya ragu a baiti.

A nan Ableton Live ta yi zarra, kuma ba da gangan nake fifita ta ba, tarihinta ne ya ba ta. A Balin ta Jamus aka kafa kamfanin a 1999, Live ta farko ta fito a 2001, kuma waɗanda suka ƙirƙire ta, irin su Gerhard Behles da Robert Henke, makaɗan kiɗan na'ura ne da ke son abin da zai riƙa daidaita guntayen sauti da juna yayin da kiɗa ke tafiya a gaban jama'a. A shekarunta na farko ma sauti kawai take sarrafawa, daga baya aka ƙara mata rubuta nota. Wannan asalin yana nan a jikinta har yau. Ka jawo murya ka jefa a layi, ka kunna Warp, wato abin da ke miƙa sauti ko taƙaita shi, sai ka ga hoton sautin a shimfiɗe a kan ma'aunin bugu. Ka nemo inda bugun farko ya faɗi, ka ce nan ne mafari. Daga nan duk inda mawaƙi ya riga bugu ko ya makara, sai ka danna sau biyu, alama mai ruwan ɗorawa ta fito, ka ja ta dama ko hagu har kalmar ta hau kan bugu. Kana yi kana ji, kiɗa bai tsaya ba. Waƙar da gudunta ke tangaɗi, za ka iya bin ta gaɓa-gaɓa, wato bugu huɗu-huɗu, kana kafa alama a farkon kowace, cikin ɗan lokaci ta miƙe.

Hanyoyin miƙa sautin guda shida ne, kuma sanin su rabin aikin ne. Beats na ganguna ne, yana yanka a bakin kowane bugu don kada kaifinsa ya dushe. Tones ya dace da abu mai amo ɗaya kamar bes, wato sautin ƙasa mai kauri. Re-Pitch shi ne irin na faifai, sauri da amo su tashi tare, kuma akwai masu son sa haka da gangan. Ga murya kuwa, ko cikakkiyar waƙa, Complex Pro ake nufa, domin yana da maɓallin da ke riƙe kaurin muryar mutum ko da ka ɗaga ta ko ka sauke ta da maɓalli biyu ko uku. Bayan wannan akwai Session View, allon da kake jera guntaye a cikin akwatuna kana kunna su yadda ka so ba tare da ka tsara waƙa ba tukuna. Ga mai rimiks wannan babbar dama ce. Ka ɗora amshi yana maimaituwa, ka gwada masa bes uku daban, ka gwada ganguna huɗu, ka ji wanne ya karɓe shi, kafin ka taɓa tunanin inda waƙa za ta fara da inda za ta ƙare. Tun Live 9, a 2013, manhajar tana iya sauraron karin waƙa ko kod (notoci da yawa da ake bugawa tare) ko ganga ta mayar da su nota, abin da ke taimaka wa wanda kunnensa bai riga ya ƙware wajen kamo kod ɗin waƙar wani ba. Ba ta cika yin daidai ba, sai ka bi ka share notocin banza, amma tana nuna maka hanya.

Inda Live ke gajiyar da mutum shi ne wurin zana nota da linzamin kwamfuta. An gyara shi sosai a Live 12 da ta fito a 2024, duk da haka wanda ya saba da na FL Studio zai ji hannunsa ya yi nauyi.

FL Studio daga wata ƙofa ta shigo. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne ke yin ta, Didier Dambrin ya rubuta ta a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, aka sauya mata suna a 2003. Asalinta na'urar jera ganguna ce: layuka da ƙananan akwatuna, ka danna akwati ganga ta buga a wurin. Har yanzu babu inda ake haɗa ganguna da sauri kamar nan. Kik, wato babbar ganga mai dukan ƙasa, a akwati na 1, na 5, na 9 da na 13, tafi a na 5 da na 13, ka riga ka samu ƙashin bayan house kafin ka gyara zama. Piano roll ɗinta kuma, wato allon zana nota, shi ne abin da masoyanta ke rantsuwa da shi, kuma suna da gaskiya. Danna hagu ka sa nota, danna dama ka goge, ka ga inuwar notocin wani kayan kiɗa a bayan naka don kada su yi karo, ka sa nota ta zame zuwa wata, ka farfasa kod ta zama jerin notoci da umarni ɗaya. Wanda ba ya buga fiyano, da linzami kaɗai yake aiki, a nan zai fi sakewa. Fitattun masu kiɗan rawa Avicii da Martin Garrix a FL suka gina sunansu, kuma idan ka saurari irin kiɗansu za ka ji dalili: karin da ake zanawa nota bayan nota shi ne gaba.

To amma rimiks da murya yake farawa. Idan muryar a kan tsayayyen bugu aka naɗe ta, kamar yawancin waƙoƙin zamani da aka yi a kwamfuta, FL ba ta da matsala: ka jefa ta a Playlist, wato allon da ake jera waƙa daga farko zuwa ƙarshe, ka gaya mata asalin saurin waƙar ko ka bar ta ta gano, ka zaɓi Fit to tempo, ka tabbata hanyar miƙawa ba ta Resample ba ce don kada amo ya sauya, shi ke nan. Wahala tana zuwa ne idan gudun waƙar yana yawo. A nan sai ka buɗe NewTime, wata taga daban, ka gyara a can, ka dawo da sakamakon cikin waƙa. Ko kuma ka yayyanka muryar jimla-jimla kana matsar da kowace da hannu. Ana yi, kuma masu yi suna fitar da aiki mai kyau, sai dai abin da a Live jan alama ɗaya ne, a nan shiga da fita ne. Akwai kuma wani hali na FL da ya kamata sabon shiga ya sani tun wuri: kayan kiɗa, da layin Playlist, da layin mikisa (inda ake daidaita ƙarfin kowane sauti), abubuwa uku ne da ba lallai su kasance a ɗaure da juna ba. 'Yanci ne, amma idan aiki ya kai layi arba'in kuma ba ka sa wa komai suna da launi ba, za ka ɓata lokaci kana neman inda wani sauti yake fitowa.

Logic Pro kuwa tambaya ɗaya ce ke yanke hukuncinta kafin a je ga komai: kana da Mac? Kamfanin Emagic na Jamus ne ya yi ta, Apple ya saye shi a 2002, tun daga nan aka daina yin ta Windows. Idan kana da Mac, kada ka raina ta don ba a cika ambatonta a hirar masu kiɗan rawa ba. Smart Tempo, da ya shigo a 2018, yana sauraron waƙa ya zana taswirar gudunta, har wadda ke yawo, sannan ka zaɓi ko waƙar ta bi saurin aikinka ko aikinka ya bi nata. Flex Time yana yin kusan abin da alamomin Warp ke yi. Abin da ta fi sauran biyun da shi kai tsaye shi ne Flex Pitch: muryar tana bayyana nota-nota a kan layinta, ka kama guda ɗaya ka ɗaga ko ka sauke. Amfanin wannan a rimiks ya wuce gyaran kuskuren mawaƙi. Idan ka sauya kod ɗin da ke ƙarƙashin amshi, ka ga nota ɗaya tak ce a muryar ke karo da sabon kod, sai ka matsar da ita kaɗai ka bar sauran. A FL aikin NewTone ne wannan, kuma ba kowane mataki na manhajar ke zuwa da shi ba. A 2020 an ƙara wa Logic Live Loops, mai kama da Session View, da wurin jera ganguna mai kama da na FL. Dukansu suna aiki, amma ana jin cewa ƙari ne aka yi wa manhajar da asalinta ta naɗar waƙa ce a sutudiyo daga farko zuwa ƙarshe. Kuma fulogin, wato kayan kiɗa na waje da ake ƙara wa manhaja, na nau'in AU kawai take karɓa, ba ta karɓar nau'in VST, don haka kafin ka dogara da wani kayan kiɗa na waje ka duba ko yana da irin nata.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi zaɓin manhaja tasiri a kan yadda rimiks zai fito: daga ina ka samo muryar? Hanya mafi kyau ita ce mai waƙa ko kamfaninsa su ba ka sassan waƙar a rarrabe, murya ita kaɗai, ganguna su kaɗai, a fayil ɗin WAV. Haka ake yi a rimiks na izini da kuma gasar rimiks da kamfanoni ke shiryawa. Idan babu wannan, sai raba waƙa da na'ura. Kamfanin Deezer ya saki manhajar raba waƙa mai suna Spleeter a 2019, masu bincike na Facebook suka fitar da irinta mai suna Demucs, kuma daga nan abin ya shigo cikin manhajojin kansu. FL Studio ta sa nata a siga ta 21.2 a 2023. Logic Pro 11 ta zo da Stem Splitter a 2024, mai raba waƙa gida huɗu, murya, ganguna, bes da sauran kaya, amma sai a Mac mai injin Apple na M1 zuwa sama. Ableton ce ta makara, sai a Live 12.3 ta kawo nata, kuma a Suite, wato babban matakinta. Wannan bambancin bai kai ya sa ka sauya manhaja ba, tunda akwai Ultimate Vocal Remover, kyauta, da za ka raba waƙa a waje ka shigo da sakamakon duk inda kake so.

Abin lura shi ne muryar da na'ura ta ciro ba ta taɓa fita tas. Ka sa abin ji a kunne ka saurare ta ita kaɗai: za ka ji wani ɗan sauti kamar na ruwa a bayan kalmomi, za ka ji amsa-kuwwar asali ta maƙale a wutsiyar jimla, wani lokaci ƙarar fayafayan ƙarfe na ganga ta biyo harafin "s". Idan ka miƙa irin wannan murya da kashi 24 cikin 100, lahanin ma miƙewa yake yi ya ƙara fitowa fili. Kuma idan daga ƙaramin MP3 ka ciro ta, mai 128 kbps, saman sautin an riga an datse shi a wajen 16 kHz, babu manhajar da za ta dawo maka da shi. Dabarar da ke ceton aiki a nan ita ce ka rage nisan tafiyar. Waƙa mai bugu 70 ta hau 140 na salon dubstep ba tare da an taɓa ta ba, domin ninki biyu ne cif. Mai 87 ta hau 174 na salon drum and bass haka nan. Mai 115 zuwa 122 tafiya ce kaɗan, kunne ba zai kama ba. Sau da yawa waƙar ce ke gaya maka irin kiɗan da za ta zama, idan ka yi wannan lissafin kafin ka kafe a kan salon da kake so.

Sauran aikin, gaskiya, kusan ɗaya ne a ko'ina. Ka ɗauki lafawar da bes da kod ke yi duk sanda kik ya buga, wadda ke ba kiɗan rawa numfashinsa. A Live ka sa Compressor, wato kwamfiresa mai danne ƙarfin sauti, a layin bes, ka buɗe ɓangaren Sidechain, ka zaɓi layin kik. A Logic akwai wurin zaɓar hakan a saman tagar kwamfiresa ta dama. A FL ka tura layin kik zuwa na bes a mikisa ta hanyar Sidechain to this track, sannan ka sa Fruity Limiter ka juya shi zuwa COMP. Taki ɗaya ko biyu ne bambancin. Lissafin kuma bai san manhaja ba: a 124, bugu ɗaya kusan milisakan 484 ne, don haka dole bes ya gama dawowa kafin wannan lokaci ya cika, in ba haka ba kik na gaba zai same shi a durƙushe. Tsarin waƙa ma haka. Bugu huɗu gaɓa ɗaya ce, kuma kiɗan rawa a kan gaɓa 8, 16 da 32 yake juyawa. A 128, gaɓa 16 daƙiƙa 30 ce daidai. Idan kana son DJ ya sa aikinka, ka bar masa gaɓa 16 ko 32 na ganguna kusan zalla a farko da ƙarshe, inda zai haɗa da wata waƙar. Maganar cewa wata manhaja ta fi wata daɗin sauti kuwa, ban yarda da ita ba. Kayan kiɗa na waje irin su Serum da Vital suna buɗuwa a cikin dukkan ukun, kuma abin da suke fitarwa a nan shi suke fitarwa a can.

Inda mutane suka fi yin zaɓen tumun dare shi ne matakin manhajar, ba sunanta ba. Ƙaramin matakin FL, wato Fruity, an taƙaita shi a wajen aiki da naɗaɗɗen sauti, wanda shi ne zuciyar rimiks. Daga matakin Producer abin ke farawa. Na gwajinta yana barin ka ka ajiye aiki ka fitar da shi a matsayin waƙa, amma ba zai sake buɗe maka abin da ka ajiye ba sai ka saya, don haka kada ka zuba mako guda a ciki kana zaton za ka dawo gobe ka ci gaba. Live Intro, ƙaramin matakin Live, layi 16 take bayarwa, wanda rimiks ke cinyewa da wuri, kuma mayar da sauti nota sai a Standard ko Suite. Ta fuskar gaba kuwa FL tana da alkawarin da ba kowa ke yi ba: ka saya sau ɗaya, duk sabuwar sigar matakinka kyauta ce har abada, alhali Ableton tana karɓar kuɗin ɗaukakawa idan babbar siga ta fito. Logic mataki ɗaya ce a Mac, komai a ciki, har da kayan kiɗan Alchemy. Live da FL duka suna aiki a Windows da Mac, FL tun siga ta 20 a 2018.

Idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi, ka leƙa Reaper, ta Justin Frankel wanda ya yi Winamp. Ba ta da nauyi, tana miƙa sauti da kyau, sai dai kusan babu kayan kiɗa a cikinta, kai za ka nemo. Bitwig Studio, da ta fito a 2014 daga hannun wasu tsofaffin ma'aikatan Ableton, tana kama da Live a tsari kuma tana aiki a Linux.

Batun izini ba na manhaja ba ne, amma zai iya shafe duk wahalarka. Waƙa tana da haƙƙi biyu, na wanda ya rubuta ta da na wanda ya mallaki naɗin. Ciro murya da na'ura bai ba ka ko ɗaya ba. Content ID, tsarin YouTube na gano waƙa mai haƙƙin mallaka, yana gane murya sau da yawa ko an sauya mata sauri, SoundCloud na sauke aiki, kuma masu kai waƙoƙi Spotify da Apple Music suna neman shaidar izini. Don koyo a ɗakinka, yi da duk waƙar da ka so. Don fitarwa, ka nemi mawaƙin da zai ba ka muryarsa da yardarsa a rubuce, ko gasar rimiks, ko muryoyin da aka saki ƙarƙashin lasisin Creative Commons irin na ccMixter, ka kuma karanta sharaɗin kowanne, domin wasu sun hana sayarwa.

Ga inda na tsaya. Idan irin rimiks ɗinka na yanka ne da juyawa, kana ɗaukar sassa da yawa na asalin waƙa, kana son taɓa tsofaffin waƙoƙin da aka buga da hannu, ko kana tunanin wata rana ka kunna aikinka kai tsaye a gaban jama'a, ɗauki Ableton Live, Standard ko sama. Idan murya kaɗai za ka ɗauka daga waƙar zamani mai tsayayyen bugu, ka zubar da sauran ka gina sabon kari da sababbin ganguna da linzaminka, FL Studio Producer za ta fi yi maka sauri, kuma ba za ka sake biyan sabuntawa ba. Idan kana da Mac na zamani kuma aikin murya ne ya fi damun ka, gyaran nota da naɗar ƙarin amshi, Logic ta ishe ka, ba ka da dalilin neman wata. Wanda kuma har yanzu yake tsakanin biyu, ya sauke na gwajinsu, ya ɗauki murya guda mai wuyar sha'ani, wadda gudunta ke yawo, ya ba kowace manhaja yamma ɗaya da aiki ɗaya: amshi ya zauna daram a kan kik na tsawon gaɓa 16, da bes a ƙarƙashinsa. Wadda ta kai shi can yana sauraro fiye da yadda yake neman maɓalli, ita zai saya.